Daren da Auta ya rubuta "ku yafe mini": nazarin yadda muka nema wa yaro ɗan shekara 15 taimakon gaggawa

Mako guda kafin abin ya faru, Auta ya rabar da tantabarunsa. Guda goma sha ɗaya ne, ya fara tara su tun yana aji biyar na firamare da ragowar kuɗin tara, ya haɗa musu ɗaki da guntayen katako a bayan soro. Na je gidan ranar Juma'a na tarar da ƙofar ɗakin a wangale, ba komai ciki sai kwanon ruwa da 'yar tsaba a ƙasa. Na tambayi Umma, mahaifiyarsa, ta ce ya ba wani abokinsa, wai ya gaji da su. Na ce, "To ai girma ne ya zo, karatu ya sa a gaba." Haka na faɗa da bakina, ni da na shekara goma sha huɗu ina aikin lafiya.

Ni ƙanwar mahaifinsa ce, ina aiki a wani ƙaramin asibitin unguwa a Kano. Zan riƙa kiransa Auta domin shi ne autan ɗakinsu. Na rubuta wannan da izinin iyayensa da nasa, na kuma cire duk abin da zai sa a gane gidan. Abin ya faru ne cikin sanyin farkon 2024.

Gidan da ba a kuka

Wata shida kafin nan yayansa ya rasu a haɗarin babur. Shi ne ɗan farin gidan, shekararsa 22. A ranar, Auta aka aika ya kai saƙo wata unguwa, ya ce ya gaji, bai daɗe da dawowa daga Islamiyya ba. Yayan ya ce, "Kawo, bari na miƙa." Bai dawo da ƙafarsa ba.

Duk wanda ya tashi a gidan Hausa ya san yadda uwa take da ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta nuna shi a gaban mutane, ko da rai balle ba rai. Umma ta yi kara yadda aka san mace mai kunya da yi. Ba wanda ya ga hawayenta a zaman makoki, mata suna ta yaba tawakkalinta. Yaya kuwa, mahaifin yaran, ana sadakar bakwai ya koma shagonsa a kasuwa. Aka naɗe kayan mamacin aka rabar, aka daina ambatonsa a tsakar gida. In wani ya yi kuskuren kawo zancensa sai a ce, "Sai haƙuri, addu'a yake buƙata."

Na daɗe ina tuna kwana ukun nan na makoki. An yi wa Yaya gaisuwa, an yi wa Umma, an yi wa Hajiya kakarsu, har ni an yi mini. Auta shi ne mai shimfiɗa tabarma, mai cika butoci, mai ɗauko kwanukan abincin maƙwabta. Ban tuna mutum ɗaya da ya zaunar da shi ya ce masa "ya haƙuri" ba. Ɗaki ɗaya suke kwana da mamacin tun yana ƙarami, kuma a ɗakin ya ci gaba da kwana shi kaɗai, ga katifar ɗan'uwansa a jingine da bango.

A watannin da suka biyo baya ya daina zuwa ƙwallo. Abincinsa yakan kwana a rufe. Wandonsa na makaranta ya fara zamewa har sai da aka rage masa ƙugu. Ya zama mai saurin fushi, yaron da a da ko yatsa ka sa masa a baki ba zai ciza ba, har ya taɓa ɗaga wa Umma murya, Yaya ya zane shi. A makaranta an yi masa bulala ba sau ɗaya ba saboda barci a aji, ba wanda ya tambayi abin da ke hana shi barcin dare. Ya koma yawan zama a kan sallaya shiru bayan an idar da salla, mutanen gida suka ce alhamdulillahi, mutuwar ta zame masa wa'azi. Da Umma ta lura ba ya runtsawa, sai ta aika kemis aka haɗo masa maganin barci, ta miƙa masa ledar gaba ɗaya ya ajiye a ɗakinsa.

Ciwon damuwa a jikin matashi sau da yawa ba da kuka yake zuwa ba. Da fushi yake zuwa, da janye jiki, da faɗuwar karatu, shi ya sa ake saurin kiransa rashin kunya ko lalaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin kowane yara bakwai 'yan shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin irin waɗannan larurori suna farawa ne kafin a wuce shekara 14. Ta kuma sanya kisan kai na ƙashin kai a matsayi na uku cikin abubuwan da suka fi kashe 'yan shekara 15 zuwa 29 a duniya. Na san waɗannan alƙaluma tun kafin lokacin. An koya mana su a wata bita kan jagorar hukumar da ake kira mhGAP, wadda aka tsara domin irinmu ma'aikatan matakin farko. A bitar an faɗa mana ƙarara cewa rabar da abin da mutum yake ƙauna alama ce. Na rubuta a littafina, na ja layi a ƙasa, amma da na ga ɗakin tantabaru a buɗe ban haɗa biyun ba, domin ɗan gidanmu ne.

Daren Alhamis

Ƙarfe ɗaya saura kwata Umma ta kira ni. Muryarta a shaƙe ta ce, "Gwaggonsu, ki zo. Yaron nan ba lafiya." Maigidana ya kai ni a babur.

Na tarar da zaure cike. Umma ta tashi cikin dare ta ji motsi, ta leƙa ta taga ta gan shi yana kai da komo yana magana shi kaɗai. A ƙofar ɗakinta kuma ta tsinci takarda da aka yago daga littafin makaranta: "Umma da Abba ku yafe mini. Ni ne sila." Ta tashi Yaya, Yaya ya buga ƙofa da ƙarfi, yaron ya sa sakata. Hayaniya ta tashi maƙwabta. Kafin na iso akwai maza shida a soro, wani riƙe da taɓarya zai ɓalle ƙofa, wani ya ɗauko igiyar guga.

Kowa da fassararsa. Yaya yana ta maimaita, "Ƙwaya ce. Wallahi ƙwaya yaran unguwar nan suka koya masa." Hajiya ta ce iska ce, ai tun rasuwar ta ce a daina barinsa yana kwana a ɗakin. Wani ɗan'uwanmu ya ce a ɗaure shi zuwa asuba, ya san wani malami a bayan gari mai gidan mari, wata uku zai dawo kamar ba shi ba.

Abu na farko da na roƙa shi ne a watse. Na ce wa Yaya, "Don Allah Yaya, ka sallami mutanen nan, ka gode musu. A bar mini kai da Umma, ku ma ku tsaya daga nesa." Bai so ba, amma ya yi. Yaron da hankalinsa ya tashi, taron maza da fitilu a ƙofarsa ba abin da zai ƙara masa sai firgici, kuma wanda ya firgita shi ne yake aikata abu cikin gaggawa. Na roƙi maƙwabci ɗaya mai mota ya tayar da ita ya jira a bakin layi. Na tura maigidana ya taso liman, domin na san akwai maganar da Yaya ba zai ji daga bakin ƙanwarsa ba.

Na zauna a ƙasa a jikin ƙofar, na kashe fitilar wayata. Na ce, "Auta, Gwaggo ce. Kowa ya tafi. Ba wanda zai taɓa ka. Ina nan zaune, ba inda za ni." Na fi minti ashirin ina faɗin irin wannan, ina yin shiru, ina sake faɗa. Umma tana hango shi ta taga, mun yi da ita in ta ga ya ɗauki wani abu ta yi magana a ɓalle ƙofar nan take. Can sai na ji sakata ta motsa.

Yana tsaye da singileti cikin wannan sanyi, idanunsa sun faɗa, leɓɓansa sun bushe. Ya ce, "Gwaggo, ki ce masa ya yi shiru." Na ce wa? Ya ce yayansa. Kwana huɗu yana jin muryarsa yana cewa shi ya kamata ya je aiken. Kwana huɗun nan bai yi barci ba.

Ban ce masa ƙarya yake ba, ban kuma ce na ji muryar ba. Na ce, "Ni ba na jin ta, amma na ga tana wahalar da kai." Sannan na yi masa tambayar da ta fi kowace nauyi a bakina. "Auta, kana tunanin kashe kanka?" Na ji Umma ta ja numfashi daga bayana. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Eh." Na ce, "Ka tsara yadda za ka yi?" Ya gyaɗa kai. "Ka sha wani abu, ko ka ji wa kanka ciwo a daren nan?" Ya ce a'a. Na ce ya nuna mini abin da ya tanada, ya nuna, na miƙa wa Umma ta fita da shi, har da ledar maganin kemis.

Mutane da yawa suna tsoron wannan tambaya, suna ganin kamar za a sa wa yaro abin da babu a ransa. Binciken masana ya daɗe da nuna ba haka ba ne. Tambaya kai tsaye ba ta shuka tunanin, hanya take buɗe wa wanda ya daɗe yana ɗauke da shi shi kaɗai. Ina gama tambayar kafaɗunsa suka sauka, ya zauna a bakin katifa ya fashe da kuka, kukan da bai yi ba tun ranar jana'iza. Amsoshin nan uku kuma su suka gaya mini matakin da muke: akwai tunani, akwai shiri, akwai abin aikatawa a kusa, ga rashin barci da jin murya. Wannan ba abin da za a ce bari gari ya waye ba ne.

Da a ce ya riga ya sha wani abu, da ko zaman lallashin ba za mu yi ba. Kuma a nan zan roƙi iyaye: ba a ɗura wa yaro manja ko madara, ba a sa masa yatsa a maƙogwaro don ya yi amai. Wannan yakan tura abin cikin huhu ya ƙara ɓarna. A ɗauke shi, a ɗauki kwalbar ko ledar abin da ya sha, a nufi asibiti mafi kusa. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112, kyauta ce a kowane layi, a kira ta, amma in akwai mota a kusa kada a zauna jiran wata.

Gardamar soro

Sai da muka yi wani yaƙin kafin mu fita. Yaya ya ja ni gefe ya ce, "Ke yanzu Dawanau kike so a ce an kai ɗana? Ƙannensa mata na ɗakin amarya fa, wa zai aure su?" Duk ɗan Kano ya san yadda sunan wannan asibitin ƙwaƙwalwa ya zama abin zagi a bakin yara. Sannan ya rage murya ya yi tambayar da ta fi damunsa: in likita ya ji abin da yaron ya yi niyya, ba za a kira 'yan sanda ba?

Tsoronsa yana da tushe. Sashe na 231 na dokar Penal Code da ake aiki da ita a Arewa ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara guda, ko tara, ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa, kuma sashe na 327 na Criminal Code a Kudu ya yi irin wannan tanadi. Gadon zamanin Turawa ne. Ghana ta soke nata a 2023, kuma a watan Oktoban 2024 gwamnatin tarayya ta kafa kwamitin da zai yi aikin soke namu. Ni a ganina wannan doka ba ta taɓa hana kowa ba, iyaye kawai take sa wa su ɓoye 'ya'yansu a ɗaki a daren da ya kamata su ruga asibiti. Na gaya wa Yaya gaskiya: a duk shekarun aikina ban taɓa ganin likita ya miƙa yaro marar lafiya ga hukuma ba, kuma ɗansa bai aikata komai ba, taimako ya nema.

Maganar gidan mari kuwa ban saurara mata ba. Na tuna wa ɗan'uwan namu abin da aka gani a Rigasa ta Kaduna a watan Satumban 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida, manya da yara, wasu da sarƙa a ƙafa, bayansu duk tabon duka. Yaron da ke jin cewa shi mai laifi ne da ya cancanci mutuwa, ka sa masa mari ka doke shi, ai ka tabbatar masa da abin da muryar ke faɗa ne.

Liman ne ya warware. Dattijo ne mai sanyin magana. Ya saurara, ya dubi Yaya ya ce, "Alhaji, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. Mu je asibiti. Addu'a ba ta da iyaka, a mota ma zan yi masa, a gadon asibiti ma zan yi." Hajiya ta ce to in aljani ne fa? Ya ce, "Hajiya, ayar Allah ba ta tsoron ƙofar asibiti." Ya shiga gaba, ni da Yaya muka sa Auta a tsakiya a baya, na sa direba ya kulle ƙofofi. Liman yana karatu a hankali har muka isa, Auta ya kwantar da kansa a kafaɗata.

A asibiti

Babban asibitin da ya fi kusa muka nufa, sashen gaggawa, wanda kowa ke kira imajansi. A wurin yankar kati wani ma'aikaci ya dubi yaron ya ce da ƙarfi, gaban mutane, "In taɓin hankali ne ba nan ake kawo su ba." Na ji Yaya ya juya zai fita. Na riƙe hannun rigarsa, na wuce wurin nas ɗin da ke kan aiki na ce mata, "Yaro ne ɗan shekara 15. Ya ce zai kashe kansa, ya tanadi abin yi, kwana huɗu bai yi barci ba, yana jin murya. Ina so likita ya gan shi yanzu." Ta ajiye biro ta miƙe.

Yadda aka faɗi magana a wannan wuri yana da tasiri ƙwarai. Da mun bi kunya mun ce "ba ya jin daɗi ne" ko "kansa ke ciwo", da sai mu kwana a benci. Iyaye su faɗi abin da sunansa, a taƙaice, ga nas ko likita.

Kuma zuwanmu babban asibiti da farko ba kuskure ba ne. Yaron da ya rikice farat ɗaya, dole a fara tabbatar da cewa ba wata cutar jiki ce ta taɓa ƙwaƙwalwar ba. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani yana sa sambatu, sanƙarau ma haka, ga shi lokacin rani ne da take yawo a ƙasarmu. Faɗuwar sukari, bugun kai, farfaɗiya, da ƙwayoyi irin su tramadol duk suna iya zuwa da wannan kama. Likitan, wani matashi mai haƙuri, ya auna zafin jikinsa, ya lanƙwasa wuyansa, ya haska idanunsa, ya tambaye shi ranar da muke da inda yake, ya amsa daidai. Aka ɗibi jini, aka karɓi fitsari. Sannan ya ce mu ba su wuri, ya zauna da Auta su biyu kusan rabin awa. Wannan ma daidai ne, akwai abin da yaro ba zai faɗa gaban mahaifinsa ba.

Aka ba shi maganin da ya sa ya samu barci, aka ce kada a bar shi shi kaɗai ko banɗaki zai shiga. Muka raba dare ni da Yaya. Da safe sakamako ya fito: ba zazzaɓi, sukari daidai, fitsari kuma ba alamar wata ƙwaya. Na karanta wa Yaya takardar. Ya daɗe yana kallon yaron da ke barci, sannan ya ce, "Na doke shi a kan wannan." Ya fita waje. Da na bi shi na tarar da shi a bayan motoci ya rufe fuska da hula.

Aka rubuta mana takardar turawa zuwa asibitin ƙwaƙwalwa. Wanda yake Arewa ya kamata ya san inda suke tun kafin buƙata ta taso: akwai na Dawanau a Kano, na Barnawa a Kaduna, na Kware a Sakkwato, da na Maiduguri, sannan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya suna da sashen likitocin ƙwaƙwalwa. Sun yi kaɗan. Ƙungiyar likitocin fannin ta sha faɗin cewa ba su wuce 300 ba a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, waɗanda suka ƙware kan yara kuwa 'yan tsiraru ne a cikinsu. Mu da muke cikin birni mun isa a ƙasa da awa guda. Ina yawan tunanin uwar da ke ƙauye mai nisa, wadda tsakaninta da irin wannan likita akwai tafiyar yini da kuɗin motar da ba ta da shi.

Likitar da ta gan shi ta ce ciwon damuwa ne mai tsanani, wanda ya kai har yana jin murya, kuma rasuwar da ɗora wa kai laifi su suka tayar da shi. Ta ba shi gado. Damuwata ita ce ɗakin na manya ne, ba a ware wa yara maza nasu ba, don haka muka roƙa aka bar Yaya ya zama mai jinya, aka ba su gadon kusa da teburin nas. Mutumin da bai taɓa rufe shago don ciwon kansa ba ya bar wa yaronsa na kasuwa makulli, ya shimfiɗa tabarma a gefen gadon ɗansa kwana goma sha shida. Umma ta sayar da tunkiyarta, ni na ɗauki adashena kafin lokaci, domin gado da magani da gwaji duk daga aljihu ne.

Ba a ɗaure shi ba ko sau ɗaya. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma amince cewa mai wannan larura mutum ne mai haƙƙi da ba a yarda a azabtar da shi ko a wulaƙanta shi ba. Tsakanin takarda da aiki akwai sauran tafiya, amma iyaye su san suna da ikon tambayar wane magani ake ba ɗansu, don me, kuma me zai iya haifarwa.

Muryar ta ɗauke cikin mako na biyu. Nauyin zuciyar ya fi daɗewa, domin maganin damuwa yakan ɗauki makonni kafin a ga aikinsa. Liman yana zuwa duk bayan kwana biyu. Wata rana na same shi yana ba Auta labarin Annabi Yaƙub da ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusuf har idanunsa suka yi fari, da yadda Manzon Allah ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, ba ma faɗin sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Yaya yana zaune yana ji. Ina ganin rabin wa'azin nasa ne.

Bayan sallama

Likitar ta ja mana kunne cewa makonnin farko bayan an koma gida suna cikin mafi haɗari, domin kowa yakan saki jiki a lokacin. Kafin mu fita ta zaunar da Auta suka rubuta takarda da hannunsa: alamomin da yake ji in abin zai dawo, abin da ke sanyaya masa rai, mutum uku da zai gaya wa ko ƙarfe nawa ne, da inda za a kai shi. Sunana ne na biyu. Na farko Abbansa ya rubuta.

A gida aka sauya masa ɗaki, ya koma kwana da wani ɗan baffansa. Magunguna duka, nasa da na hawan jinin Hajiya, suka koma cikin akwatin Umma mai kwaɗo, ita ke ba shi da hannunta. Maganin ƙwari da na ɓera da ke ajiye a kicin aka fitar da su daga gidan. Muka koma asibiti bayan mako guda kamar yadda aka ce, daga nan duk mako biyu, yana ganin likita yana kuma zama da mai ba da shawara. A makaranta mutum biyu kawai muka gaya wa, shugaba da malamin ajinsu, muka roƙi a daina dukansa, a kira mu in an ga sauyi.

An so a samu tangarɗa a wata na biyu. Hajiya ta ga ya fara cin abinci yana dariya, ta ce a daina ba shi ƙwayoyin nan kada su zame masa jiki, ai rubutun da take ba shi ne ya yi aiki. Umma ta kasa musa wa suruka, aka tsallake kwana uku. Auta da kansa ya kira ni ya ce barcinsa ya fara gudu. Na je na durƙusa gaban Hajiya na ce, "Hajiya, ki ci gaba da ba shi rubutunki, ba wanda ya hana. Amma maganin nan kamar naki ne na hawan jini, ranar da kika ji sauƙi ba ranar dainawa ba ce. Likita ce za ta rage shi da kanta in lokaci ya yi." Ta yi shiru, sannan ta ce a kawo ta ba shi da hannunta.

Da shekara ta zagayo kan rasuwar, mun shirya mata tun da wuri domin likitar ta ce irin waɗannan ranaku sukan tayar da ciwo. Yaya ya ɗauki Auta suka je maƙabarta su biyu. Da daddare Umma ta kira shi ɗakinta, ta buɗe ƙasan adaka ta ɗauko hular yayansa guda ɗaya da ta ɓoye ranar da aka rabar da kaya, ta ba shi. Ta gaya masa cewa ita ce ta yi aiken, kuma ta shekara tana ɗora wa kanta abin da yake ɗora wa kansa. Har yau ba ta kiran sunan mamacin, amma tana cewa "yayanku", tana ba da labarinsa.

Abokin nan ya dawo masa da tantabaru biyu, mace da namiji, ya ce dama riƙo ya yi. Zuwana na ƙarshe na tarar da Auta a bayan soro yana gyara ƙofar ɗakinsu da ƙusa, akwai 'yan shila biyu a ciki. Har yanzu yana shan magani, an rage masa guda. Ranar Talata mai zuwa yake da ganin likita, Yaya ne zai kai shi.